Mota ta ƙi tashi da sanyin asuba: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Mabera, kuma ina da Toyota Corolla 'yar Beljiyam. Tun da ɗari ya kankama a watan Disamba, idan na murza makulli bayan sallar asuba sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, sai yara sun tura ta, amma da hantsi ya yi sai ta tashi lafiya. Batirin ya shekara biyu. Bakanike ya ce in canja sitata, mai rewaya kuma ya ce batir ne. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, kada ka fitar da ko sisi kafin a yi awo, ko da yake bayanin da ka yi ya fi karkata ga maganar mai rewaya. Sanyi yana rage kuzarin sinadaran da ke cikin batir, a lokaci guda kuma yana sa baƙin mai ya yi kauri, ta yadda inji zai buƙaci ƙarfi mai yawa daidai lokacin da batir ya fi rauni. Sai dai ɗarin Sakkwato, duk tsananinsa a jikin mutum, yana nesa da ma'aunin da ruwa ke daskarewa, saboda haka bai isa ya kayar da lafiyayyen batir ba. Abin da ya cinye batirinka shi ne zafin bazara, tun daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ga kuma zafin inji a ƙarƙashin bonet. Wannan zafi yana ƙone ruwan batir, yana kuma cin farantan darmar da ke ciki sannu a hankali, hunturu kuwa tona asirin ɓarnar kawai yake yi.

Ka sa a auna batirin da mita da safe, bayan motar ta kwana ba a tayar da ita ba. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, idan ya nuna 12.2 to rabin cajinsa ya tafi, ƙasa da 12 kuwa ya zube. A ci gaba da kallon mitar yayin da ake murza makulli, domin idan awon ya faɗo ƙasa da 9.6 alhali an cika masa caji, to batirin ba ya iya ɗaukar kaya. Bayan inji ya tashi, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, wanda shi ne shaidar cewa altaneta tana caji. Idan ba ta yi, sabon batirin da za ka saya ma zai mutu cikin ɗan lokaci, kuma a nan ne mutane da yawa suke zargin mai shago a banza.

Kunne ma yana taimakawa. Ƙas-ƙas-ƙas mai sauri alamar ƙarancin wuta ce, ko daga batir ko daga kawunansa da suka yi sako-sako ko suka tara farin gari. Idan ƙara ɗaya tak ka ji, alhali fitilun gaba suna haske sosai, to a nan ne za a tuhumi sitata. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, sai a koma ga fulogi da famfon mai. Kafin komai, a kwance kawunan batirin, a fara da baƙar waya, a wanke su da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a goge, a ɗaure tamau. Ina kuma gargaɗinka kan al'adar nan ta zare kan batir alhali inji na aiki wai don a gwada altaneta, domin tana iya ƙona kwamfutar mota.

Idan awo ya tabbatar da mutuwarsa, ka sayi mai girman da littafin motar ya ambata, ka duba ranar da aka ƙera shi, kada ya wuce wata shida a ajiye, ka sa a auna shi a gabanka, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da garanti. Za ka ga an rubuta CCA da wata lamba a jikinsa. Wannan awo ne na wutar da batir ke iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, saboda haka bai kamata ka ƙara kuɗi masu yawa don lambar ta fi girma ba, tunda motarka ba za ta ga irin wannan sanyi ba. Batirin gwanjo kuwa, a ganina, asarar kuɗi ne, domin ba ka san bazara nawa ya sha ba.

Tambaya: Ina tuƙa Hilux mai shan gas, wato dizal, a hanyar Illela. Da safe tana daɗewa kafin ta kama, tana fitar da farin hayaƙi. Abokan aiki sun ce gas ne ke daskarewa, in riƙa zuba ɗan fetur a tanki.

Amsa: Alhaji, kada ka yi haka. Gas yana fara yin kakin da ke toshe matata ne idan sanyi ya kusanci sifili ko ya wuce, abin da ba mu da shi a nan, fetur kuwa yana lalata famfo da nozul saboda ba shi da santsin gas. Injin gas ba ya aiki da tartsatsi, zafin matse iska ne ke kunna mai, shi ya sa aka sanya masa hita da ke ɗumama ɗakin ƙuna kafin tashi. Ka buɗe makulli ka jira fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ka murza. Idan ka yi haka ba ta daina ba, a gwada hitocin ɗaya bayan ɗaya, a tsiyaye ruwan da ya taru a matatar mai, a kuma duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Kanada, ya sayi tsohuwar mota, ya ce ta ƙi tashi a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili. Me zan ce masa?

Amsa: Hajiya, a can sanyin shi kansa ne matsalar, kuma lambar CCA tana da muhimmanci ƙwarai. Ya nemi na'urar ɗumama inji da ake jona wa wutar gida sa'o'i biyu zuwa huɗu kafin fita, ya yi amfani da baƙin mai marar kauri irin 0W-20 ko 5W-30 gwargwadon littafin motar. Kada ya zuba ruwa zalla a lagireto kamar yadda wasu ke yi a gida, domin zai daskare ya fasa inji, amma haɗin rabi da rabi da ruwan hana daskarewa yana jure wa har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Batirin da ya zube yana iya daskarewa, kuma idan ya ga ya kumbura kada ya jona shi da na wata mota, don yana iya fashewa. Kada ya murza makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere ba tare da hutu ba. Idan ta tashi, ya tabbatar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba kafin ya zauna ciki, kuma kada ya bar inji yana aiki a rufaffen gareji, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa.