Gari ya koma Kamaru, takarduna na Najeriya: da wanne zan yi fatauci?

Wani Alhaji mai sana'ar banda a Darak, garin yankin Tafkin Chadi da ya koma hannun Kamaru, ya aiko tambaya. Iyayensa 'yan Najeriya ne, takardunsa ma haka. Yana kai kifi Kuseri da Maiduguri, yanzu yana son leƙa kasuwannin Gabon. Wani dillali ya ce zai yi masa katin ɗan Kamaru ta bayan gida, ya riƙe biyu. Yana tambaya ko ya biya dillalin.

Ranka ya daɗe Alhaji, kada ka ba shi ko sisi.

Kotun Duniya ta yanke hukunci kan rikicin iyakar Najeriya da Kamaru ranar 10 ga Oktoba 2002, a Disamba 2003 kuma Najeriya ta janye daga Darak da ƙauyukan kewaye. Ƙasa ce ta sauya hannu, mutanen da ke kanta suna nan da asalinsu. Kamaru ta yi alkawari gaban kotun za ta kare 'yan Najeriya mazauna bakin Tafkin Chadi, amma ba ta mayar da su 'yan ƙasa ba. Yarjejeniyar Greentree ta 2006 tsakanin Najeriya da Kamaru, da ake yawan kafa hujja da ita a tasha, ta Bakassi ce kaɗai.

Shiga ƙasa ba biza fasfo yake bi. Da na Najeriya kana shiga Kamaru ba biza har wata uku, bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu ta 1963, kana kuma yawo a ƙasashen ECOWAS. Mai fasfon Kamaru shi ke da hanyar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, da aka buɗe a 2017: Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Kai sai ka nemi bizar Gabon.

Abin da ya fi damuna shi ne zamanka. Wata ukun nan na baƙo ne, kai kuwa mazauni ne mai rumbu da jirage. Katin zama ya kamata ka nema wurin 'yan sanda, ka riƙa sabunta shi kafin ya mutu. Kuɗinsa da nauyi, na sani, amma lissafa abin da kake zubarwa a shingen jandarma daga Blangwa zuwa Kuseri cikin shekara guda. Da shi za ka yi rajistar kasuwanci da sunanka, ka buɗe asusun banki, ka daina ajiye jarinka da sunan yaron shago. Kwalayen banda kuwa, duwan (kwastan) na iyakar Fotokol zai karɓi nasa kowane fasfo ka nuna.

Dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Ranar da aka gano katin bogi, kai za a tsare, kayan su ruɓe a mota, dillalin kuma ya sulale. In zuciyarka ta tsaya kan zama ɗan Kamaru, akwai hanyar nema ta hukuma, sai dai za ka saki na Najeriya. Kafin nan, ka fara aika kwali goma Gabon ta hannun amintaccen ɗan Kamaru, da rubutu da shaidu, ka ga ko ribar ta kai.