Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya kan ƙungiyoyin bayan tashi

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, cewa kin mayar da 'yarki mai shekara 14 makarantar kuɗi mai bin tsarin ƙasashen waje, an miƙo miki jerin ƙungiyoyi da wasannin bayan tashi har shafi biyu, kina son sanin ko ɓata lokaci ne, in kuma ba haka ba guda nawa za ki bari ta shiga. Babbar 'yata ta gama irin wannan makaranta, ƙaninta kuma yana ciki yanzu, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ki amsa a tsanake.

Ba ɓata lokaci ba ne, a wani tsarin ma sharaɗi ne. Idan makarantarku na bin tsarin IB (International Baccalaureate, wani tsarin karatu na ƙasa da ƙasa da ake kammalawa da difloma), a shekara biyun ƙarshe akwai abin da suke kira CAS, wato aikin ƙirƙira da motsa jiki da hidimar al'umma, na aƙalla wata 18. Ba ya ƙara ko maki ɗaya a cikin maki 45 na difloma, amma yaron da bai kammala shi ba ba a ba shi diflomar, ko da ya cinye darussansa shida. Ki fara tambayar wane tsari suke bi.

Inda na yi kuskure shi ne yawa. Zangon farko na rubuta wa babbar 'yata biyar: ninƙaya, muhawara, ƙungiyar kimiyya, jaridar makaranta da ƙwallon kwando. Gani nake tunda an biya kuɗi, kada komai ya wuce ta. Wani dare na leƙa ɗakinta na same ta ta kifa kai a kan littafin lissafi tana barci, takalmin wasa na ƙafarta, gashinta da sauran danshin ruwan ninƙaya. Zuciyata ta karye. A ƙarshen zangon makinta na lissafi ya faɗi, kuma babu ƙungiya ɗaya da za a ce ta yi fice a ciki. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Sai na zaunar da ita na ce ta zaɓi biyu da kanta, ni ba zan sa baki ba. Ta ɗauki kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ban ma lura da shi a takardar ba. A nan ake ba kowane ɗalibi wata ƙasa ya wakilta, ya kare matsayinta ko da bai yarda da shi ba. Aka ba ta Bolibiya. Mako biyu tana bincike, har ta zo tana ba mu labarin yadda ƙasar ta rasa gaɓar tekunta a yaƙin da ya ɓarke tsakaninta da Chile a 1879. Yarinyar da in baƙo ya gaishe ta sai ta sunkuyar da kai, ita ce nake jiyowa tsaye gaban madubi, agogo a hannu, tana maimaita jawabin minti ɗaya. A zauren ba a cewa "ni", sai dai "wakiliyar Bolibiya tana ganin kaza". Wallahi wannan ƙa'idar ce ta cire mata tsoro, don ji take ba ita ke magana ba. Shekara huɗu ta yi a ciki, a ta ƙarshe ita ke shugabantar zama.

Na biyun shi ne lambar yabon Duke na Edinburgh, wadda Yarima Philip na Birtaniya ya kafa a 1956; shiri ne na hidimar al'umma da koyon fasaha da motsa jiki, kuma matasa 'yan shekara 14 zuwa 24 ne ke shiga. Matakin farko yana ɗaukar aƙalla wata shida, kuma akwai tafiyar ƙasa ta kwana ɗaya a waje. Kafin in sa hannu sai da na tambayi malamai mata nawa za su bi su, ina za a kwana, wa ke riƙe da kayan agajin gaggawa. Haƙƙinki ne, kada ki ji nauyi.

Game da jami'a kuwa, fom ɗin Common App da jami'o'in Amurka da dama ke karɓa yana da gurbin ayyuka goma, kowanne harafi 150 kacal. Ba dole a cike su ba. Abin da mai ba ɗalibai shawara kan shiga jami'a ya faɗa mana shi ne, aiki ɗaya da yaro ya daɗe a kai har aka ɗora masa nauyi ya fi takwas da ya leƙa ya fita.

Ki kuma nemi a rubuta miki waɗanda ke cikin kuɗin makaranta da waɗanda ake biya daban, musamman tafiye-tafiye. Ki faɗa wa 'yarki tun yanzu wace tafiya za ku iya, wace ba za ku iya ba, don kada ta ji daga bakin ƙawaye ta shiga damuwa. Tunda sabuwa ce, ki bari ta leƙa uku ko huɗu a makonnin farko, a nan ma za ta fi saurin yin ƙawaye fiye da cikin aji. Bayan wata ɗaya ku zauna ta tsayar da biyu, ki bar mata aƙalla yammaci biyu a mako da babu komai a cikinsu. Allah ya yi mata albarka.