Amsa ga mai tambaya a kan littafin gagara-gwari na ƙananan yara

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun da safe, aji ne ya riƙe ni. Kin ce kuna Ƙaura Namoda, 'yarki shekararta 4, kin ga littattafan hotuna na Turanci a wani shago a Gusau, irin waɗanda duk kalmomin shafi da harafi ɗaya suke farawa. Kina tambaya ko ki saya, ko akwai irinsu na Hausa, kuma ko za su gyara mata tsamin baki. Ni malamar rabin aji ce a nan Gusau, na daɗe ina fama da 'yan wannan shekarun, to ga abin da na gani.

Kada ki fara da na Turancin. Ba don ba su da kyau ba, wasunsu takardarsu da launinsu abin sha'awa ne. Amma daɗin irin wannan littafi ba a ido yake ba, a baki yake da kunne. Yaro yana dariya ne saboda ya san kalmomin sarai, ga su kuma suna harɗe masa harshe. In bai san ma'anar ko ɗaya ba, babu abin dariya, hadda ce kawai kika ba shi. Sannan da yawansu an gina su ne a kan sautukan da babu su a abacadar Hausa, kamar p da v. Yarinyar da ba ta gama riƙe r da ts na harshen uwarta ba, me ya kai ta kokawa da waɗannan? Ki bari sai ta shiga firamare ta tara kalmomin Turanci, lokacin za su yi mata amfani.

Na Hausa kuwa, a shagunan littattafai na nan abin da ya cika kanta shi ne littattafan makaranta da na addini da na hikayoyin manya. Littafin hotuna na ɗan shekara 4 sai an tona. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, dukansu suna da labaran yara na Hausa masu hotuna, kyauta, ki sauke a waya. Sai dai yawancinsu labarai ne, ba wasan sauti ba. In kina da 'yar'uwa mai koyar da aji ɗaya a makarantar gwamnati, ki tambaye ta littattafan shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa a Zamfara da Katsina don koyar da karatun Hausa. Harafi-harafi suke bi, za ki samu abin ɗauka a ciki.

Amma shawarata ta gaskiya ita ce ki haɗa naki. Kayan aikin duk suna bakinki tun kina yarinya. Wa bai san wannan ba: "Turmi ture kura, kura ture turmi"? Ko wannan: "Da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto, kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto, ko ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto?" Kowane gari da 'yar yadda yake juya su. Abin da ya rage shi ne hoto da takarda.

Sai dai a nan iyaye suke yawan yin gaggawa. Abu biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya. Akwai jimlar da kalmominta suke farawa da sauti ɗaya amma tana tafiya sumul a baki, abin da masu nazarin waƙa suke kira karangiya. Akwai kuma gagara-gwari na ainihi, wanda aka shirya shi takanas don ya kayar da mai faɗa, ta hanyar jera sautuka biyu masu kama da juna, k da ƙ, ko tu da ku. 'Yar shekara 4 na farkon take bukata. In kin ɗora mata kwaɗo da ƙato yanzu, za ta gwada, yayyenta su fashe da dariya, ta rufe baki, shi ke nan littafin ya zama abin gudu. Wannan na 'yan shekara 6 zuwa 7 ne, su ne suke jin daɗin gasar wa ya fi sauri.

Ga irin shafukan da muke amfani da su a ajina, jimla ɗaya a shafi, hoto ɗaya babba:

Ɓera ya ɓoye ɓawo.
Tsohuwar Tsafe ta tsinci tsintsiya.
Kwaɗo ya kwana Kwatarkwashi, ya kwaso kwando.
Giwan ruwa ya girgiza gora a gulbin Argungu.

Kin ga da gangan na sa sunayen garuruwa. Yaron da ya taɓa hango dutsen Kwatarkwashi ta tagar mota, da ya ji sunan sai ya miƙe yana nuna shafin da yatsa yana ce wa 'yan'uwansa ya san wurin. Shafin ɓera shi ne kullum ya fi tsufa da wuri. Hoton ɓera ne ya cika kumatu, ɓawon gyaɗa ya leƙo ta gefen bakinsa. Ina karantawa a hankali, in ja leɓɓana a kan kowane ɓ, sai ki ga yara sun zuba wa bakina ido, ba littafin ba, suna motsa nasu leɓɓan. A zagaye na gaba sai in ce "Ɓera ya ɓoye..." in yi shiru. Su ne za su ƙarasa da ihu. Daga nan sai in tambaya me kuma ɓera zai iya yi da yake farawa da irin wannan sautin. Wani ya ce ya ɓuya, wata ta ce ya ɓata, wani ya ce ɓarawo ne. Wani kuma ya ce buhu, sai mu tsaya mu faɗi ɓera, buhu, ɓera, buhu, har kunnensa ya raba su. Wannan rabawar ita ce ribar littafin gaba ɗaya. Yaron da kunnensa ya iya ware sautin farkon kalma, ranar da aka nuna masa harafin a allo ba baƙo ba ne gare shi, suna kawai aka ba abin da ya riga ya sani.

Idan ta saba da waɗannan, sai ki shigo da masu sautuka biyu, gajeru: "Kaza ta sa ƙafa a kafa." "Baƙo ya buɗe baki." "Ɗan doki ya ɗanɗana dawa." Daga nan hanya ta buɗe zuwa ga kwaɗo da ƙato.

Wani abu da ya shafe mu mu 'yan wannan yanki: littafi da daidaitacciyar Hausa ake rubuta shi, yaranmu kuwa da harshen gida suka tashi. Ki rubuta "Farar fara ta fara faɗawa fadama", 'yarki za ta ce "hwarar hwara ta hwara hwaɗawa hwadama". Kada ki ce mata ta yi kuskure, ba ta yi ba, haka kakarta take faɗa, kuma karangiyar ba ta lalace ba, sautin ne ya koma hw daga farko har ƙarshe. Ni ina karanta musu duka biyun, in ce wannan na littafi ne, wannan namu ne na gida, sai ya zama wasa biyu a shafi ɗaya. Haka in littafi ya ce 'ya'ya, su ɗiya suka sani. Wannan shafin na fara yana nuna wani abu kuma. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa farar launi da farar da ake soyawa da fara aiki duk kamarsu ɗaya a takarda. Sai muryar babba da hoto ne suke raba su. Don haka ba littafin da za ki miƙa mata ki shiga madafa ba ne. Zama ake yi tare, ko da na minti goma ne bayan magariba.

Wajen haɗawa ba sai kin kashe kuɗi sosai ba. Ki ɗauki hotunan abubuwan gidanku da waya: turmi, tulu, tabarma, tsintsiya, kaza, akuya. In gidanku ba a son zanen mutum ko dabba, kayan gida kaɗai sun isa cika littafi. A buga miki a shagon kwamfuta, rabin takardar A4 kowane shafi, rubutu manya-manya, harafin da ake wasa da shi a sa masa ja. Ki manna a kan kwali mai kauri, ko a lulluɓe miki da leda irin yadda ake yi wa takardun shaida, don hannun yaro ba ya rabuwa da miya. Shafi takwas zuwa goma ya wadatar. In kina da kwamfuta, akwai manhajar Bloom ta kyauta da aka yi musamman don haɗa littattafan yara a harsuna irin namu.

Inda za ki sa ido sosai shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Na taɓa kai aiki wani shago, mai bugawa ya ga kwamfutarsa tana fitar da ɗan akwati a gurbinsu, sai ya mayar da su b da d da k bai faɗa mini ba. Ƙafa da kafa suka zama abu ɗaya, baƙo ya zama bako, shafukan suka tashi aiki. Ki rubuta jimlolin da kanki a waya, manhajar rubutu ta Gboard tana da allon rubutu na Hausa mai waɗannan haruffa. Ki ce a yi amfani da salon rubutun da ake kira Andika, kyauta ne, yana da su duka, kuma harafin "a" ɗinsa irin wanda malamai suke rubutawa a allo ne, ba mai ƙugiya a sama ba. Ki duba shafi ɗaya na gwaji kafin a buga sauran.

Ki kuma yi hattara da tsofaffin gagara-gwarin da za ki tsinta wajen mutane. Wasu an shirya su ne don in harshe ya zame ya faɗa kan kalmar batsa, abin dariyar samari ke nan a dandali. Duk wanda za ki sa a littafi, ki shiga ɗaki ke kaɗai ki maimaita shi da sauri ki ji inda yake kai ki.

Batun tsamin baki kuma: a shekara 4 yara da yawa ba su gama daidaita r ba, wasu su mayar da ita l ko y, wasu ts ta zame musu s. Yawanci yana warwarewa da kansa yayin da suke girma. Littafin zai taimaka wa kunnenta, amma ba magani ba ne, kada ki mayar da shi darasin gyaran baki. In ta ce "tulmi", ke dai ki ce "ƙwarai, turmi ne" ki juya shafi. Idan kuwa in'ina ce take yi, ki ajiye wasan sauri gaba ɗaya, ki hana yayyenta sa ta gasa, ki tsaya kan masu taushi ana rerawa tare kamar waƙa. In kuma kin lura mutanen waje ba sa gane yawancin maganarta, ko sai an ɗaga murya take juyowa, ko kunnenta yana yawan fitar da ruwa, ki kai ta asibiti sashen kunne da hanci da maƙogwaro a duba jinta tukuna, kafin maganar kowane littafi.