Kafin ka zaɓi launi, nemo min suna mafi tsawo

Jiya ka ce min, "Oga, tunda an ba mu aikin hotunan ƙaddamar da waiwayen shekara na manhajar nan, na fara haɗa launuka da salon haruffa. Me ya sa ka ce in dakata?" To zauna, yarona, ka ji dalili.

Idan katin biki aka kawo maka, ka san sunan ango, ka san na amarya, ka san inda kowane harafi zai sauka. Wannan aikin ba haka yake ba. Gurbi kake zanawa, kwamfuta ce za ta cike shi, kuma kowane mai amfani da manhajar da abin da zai fito masa. Kamar tela ne da aka ce ya yanka riga ɗaya wadda za ta shiga duk mutanen gari, bai kuwa auna kowa ba.

Dubi Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi. Sun fara abin da suke kira Wrapped, wato taƙaitaccen lissafin abin da kowane mutum ya saurara a shekara, a 2016, a 2019 suka mayar da shi katuna masu tsaye a cikin manhaja, waɗanda mutum zai tura kai tsaye. Tun da suka shigo Najeriya a 2021, kai ma ka ga yadda sitatus ke cika da katunansu a farkon Disamba. Allon talla na bakin titi kuɗi ake biya a kafa shi, amma katin da mutum ya ɗora da hannunsa kyauta yake yawo, kuma abokansa sun fi yarda da shi. Saboda haka da katin za ka fara. Sauran duka, allon talla ne, hoton shagon manhajoji ne, gajeren bidiyo ne, daga jikinsa za a ciro su, don wanda ya ga ɗaya ya gane ɗan'uwansa.

Girman katin fiksel (ɗigon hoton allo) 1080 a kwance, 1920 a tsaye. Ka bar kimanin fiksel 250 sama da ƙasa ba tare da rubutu mai muhimmanci ba, domin nan ne Instagram ke ɗora sunan mai sitatus da wurin ba da amsa. Kati ɗaya, magana ɗaya: lamba babba, da jimla gajera a ƙarƙashinta. Tambarin kamfani ya zama ƙarami amma ya kasance a ciki, don da yawa hoton fuskar waya za su ɗauka, ba za su taɓa maɓallin turawa ba.

Sai gwaji, wanda shi ne ainihin aikin. Kar ka gwada da suna mai haruffa biyar da ya zauna daram a tsakiya. Sa suna mai kalmomi shida. A gurbin lokacin da mutum ya yi a manhajar, sa minti 7, sannan ka sa minti 140,000 a wuri ɗaya, ka ga ko gurbin zai ɗauki duka biyun. Rubuta ƙ da ɗ da ɓ da salon haruffan da ka zaɓa. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar sunan mutum, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa. Wannan yana min ciwo duk lokacin da na gan shi, domin an gaya wa mai sunan ke nan ba a tuna da shi ba. Gwada Larabci ma, da yake daga dama yake farawa, komai na katin sai ya juya.

Kuma kar allon kwamfutarka ya ruɗe ka. Tura katin ta WhatsApp zuwa ƙaramar Itel ko Tecno, ka fita da ita cikin rana tsaka. WhatsApp yana matse hoto, launukan da ka narkar cikin juna sai su zama layi-layi, siririn rubutu ya dushe. Ƙa'idar da masu aikin intanet ke bi ita ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Auna shi, kar ka dogara da idonka.

Akwai abin da ya fi wannan duka nauyi. A Disambar 2014 Facebook ya haɗa wa mutane waiwayen shekara da zanen masu rawa da balan-balan. Wani sanannen mai tsara shafukan intanet a Amurka, Eric Meyer, ya buɗe ya tarar da hoton 'yarsa mai shekara 6 da ta rasu a shekarar, an zagaye ta da kayan murna. Kamfanin ya ba shi haƙuri daga baya. Wanda ya zana balan-balan ɗin ba mugu ba ne, ya ɗauka ne kowa shekarar daɗi ya yi. Don haka idan hotunan mutane ko rubutunsu za su shiga katin, ka sassauta murnar da ke jikin zanen, ka kuma nace a sa maɓallin da mutum zai ce ba ya so a nuna masa. Idan lissafi ne kawai, nan kana da filin wasa. Dandalin tattaunawa na Reddit a 2021 da tsawon ayaba suka auna wa mutane nisan da suka ja allo, aka yi ta dariya ana turawa, ba wanda aka taɓa wa rai. Wanda kuma bai yi amfani da manhajar sosai ba, kar katinsa ya fito fayau kamar ana masa gori. Ka tanadar masa nasa zanen.

Gobe da safe ka kawo min kati uku baƙi da fari: na mai dogon suna, na mai minti 7, da na Larabci. Idan sun tsaya, sai mu buɗe launukan nan naka mu zaɓa tare.