Amsa: Tsoro da ƙorafin shugaba rashin bangaskiya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsoro da ƙorafin da ke damunka a matsayinka na dattijon ikilisiya rashin bangaskiya ne. A'a. Jin tsoro ba zunubi ba ne, kai kuka gaban Allah kuma ba gunaguni ba ne. A Littafin Ƙidaya sura 11, Musa da kansa ya ce wa Ubangiji nauyin jama'ar ya fi ƙarfinsa, har ya roƙi mutuwa. Allah bai hukunta shi ba, sai ya ba shi dattawa 70 su taya shi.

Amma ka lura da inda kake sauke kukan. A sura 13 da 14, 'yan leƙen asiri 10 daga cikin waɗanda Musa ya aika su duba ƙasar Kan'ana sun zuba tsoronsu a kunnen jama'a, aka kwana ana kuka, aka ƙi shiga Kan'ana, abin ya kai su ga shekara 40 a jeji. Na taɓa ganin shugaban da ya riƙa cewa "aikin nan ba zai yiwu ba" a gaban membobi, har masu himmar ma suka janye. Naka kukan ka kai wa Allah, da fasto ko dattijon da ka amince da shi.