Me ya sa haske yake ratsa wani tangaran, wani kuma ba ya ratsuwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An nuna mana ƙwallon boris na silikon naitirayid (wani tangaran mai tauri), launin toka, ko alamar haske ba ta ratsa shi. Sai kuma na ji ana yin irinsa mai ratsuwa. Garin ne daban ko gashin? Ɗaliba, daga Zariya.

Amsa: 'Yata, akasari gashin ne. Wannan gari taurin kai gare shi, ƙwayoyinsa ba sa son haɗuwa. In aka ƙure masa wuta, wajen digiri 1,850 zuwa 1,900, sai ya fara warwarewa, naitirojin ya gudu. Shi ya sa ake zuba masa ɗan garin wasu sinadarai, magnesiya ko itiriya da alumina. Su ne suke narkewa da silikar da ke jikin ƙwayoyin, su zama ruwa mai jawo su wuri ɗaya. Sannan a danne shi yana cikin wuta, ko a cika tanderun da naitirojin mai ƙarfin matsi. In ya matsu sarai, nauyinsa kusan giram 3.2 ne a kowane kubik santimita.

Ga inda nake so ki tsaya. Dubi ƙanƙarar firji: gefenta garau, tsakiyarta fari fat, don kumfar iska ta maƙale a ciki. Haka 'yan ramukan da gashi ya bari suke watsa haske. Matsewar da ta isa boris ya yi aiki, ga haske da saura.

Ƙara wuta da daɗewa ma ba magani ba ne. Ramuka za su ragu, amma ƙwayoyin su rikiɗe daga siffar da ake kira alfa zuwa wadda ake kira beta, dogaye masu sarƙewa. Boris yana son haka, don ba ya saurin tsagewa. Haske kuwa karkacewa yake a kowace iyaka tsakanin ƙwayoyin. A ganina nan ne masu gwaji suka fi ɓata aiki. Gashi mai sauri, ƙwayoyi ƙanana, gari mai tsabta, su ake nema. Ko gawayin mazubin da ake gashin a ciki ya shiga, sai tangaran ɗin ya dusashe.

Wanda ake gani tar ta cikinsa, a 2017 Norimasa Nishiyama da abokan aikinsa suka samar da shi a cibiyar bincike ta DESY da ke Hambog, Jamus: digiri 1,800, matsi gigafaskal 15.6, ninkin matsin iska sama da 150,000. Tsarin ƙwayoyin ya koma mai daidaito ta kowace fuska. Faɗinsa kusan milimita 2 ne kacal.