Baba yana tsayawa cak in an masa magana yana tafiya, iska ce bata kai masa ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum likita, Allah ya ƙara basira. Daga Tudun Wada nake nan Kaduna. Mahaifina shekararsa 74, yana da hawan jini yana kan magani, amma har yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci duk salloli biyar, wani lokacin har Kasuwar Barci yake takawa wajen abokansa. Toh kwanan nan na lura in muna tafiya na ɗauko masa zance sai ya ja ya tsaya, sai ya gama bani amsa sannan ya cigaba, kuma sau biyu yace jiri ya ɗebe shi da ya miƙe zai fita sallar asuba. Wani maƙwabcinmu yace wai tafiyar ce ke janye iskar oksijin daga kansa ta kai ƙafafu, yayata kuma ta dage lallai a hana shi fita. Mun sayo abin nan na auna oksijin a jini da ake maƙalawa a yatsa, 97 yake nunawa. Dan Allah da gaske tafiya tana rage wa tsoho iska a ƙwaƙwalwa? Mu zaunar dashi a gida?

AMSA:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da wannan lura da kake yi. Kar ku zaunar dashi. Amma jirin nan kar a bari ya wuce satin nan ba'a kai shi an duba ba. Abu biyu ne ka haɗa min a tambaya ɗaya, tsayawar daban, jirin daban, kuma ba tafiya ce ta jawo ko ɗaya a cikinsu ba.

Maganar maƙwabcinku tana da ɗan tushe shiyasa take shiga kunne. Gaskiya ne in mutum ya fara motsa jiki ana karkatar da jini zuwa tsokar ƙafafu, amma daga hanji da ƙoda ake rage shi, ba daga kai ba, kuma zuciyar ma ƙara aiki take, wadda a zaune take tura kamar lita 5 a minti sai ta ƙara sosai. Ita ƙwaƙwalwa jiki baya wasa da rabonta. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma ita ke cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da muke amfani dashi a zaune, jini kamar mililita 750 ke ratsa ta duk minti ta manyan jijiyoyi huɗu, biyu ta gefen wuya biyu ta ƙashin wuya a baya. Kuma bata da ajiya ko kaɗan, in jinin ya yanke cikin sakan 10 haka mutum zai sume. Saboda haka jijiyoyinta suna da nasu tsarin, in bugun jini yayi ƙasa su buɗe, in yayi sama su tsuke, sannan duk ɓangaren da ya kama aiki ƙananan jijiyoyin wurin su saki a tura masa ƙarin jini cikin ƴan sakan. A tafiya matsakaiciya jinin dake zuwa ƙwaƙwalwa ƙaruwa ma yake yi kaɗan. Inda yake komawa ƙasa shine in an matsa wa jiki har mutum yana haki sosai, don yawan hakin yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, ita kuma wannan iskar in tayi ƙasa jijiyoyin kai tsukewa suke. Kaga kenan tafiyar masallaci ba ita bace abin tsoro.

Yanzu tsayawar da yake yi, wadda ita ce tafi jan hankalina a duk abinda ka rubuto.

Mu muna ɗauka tafiya aikin ƙafa ne kawai. A matashi kusan haka ne, sassan ƙwaƙwalwa na ƙasa da laka suna tafiyar da abin ba sai an sa hankali ba. Amma da shekaru suka ja, ido ya rage, tafin ƙafa baya jin ƙasa kamar da, gwiwa na ciwo, na'urar daidaito dake cikin kunne tayi sanyi, sai ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, wanda aikinsa tunani da shawara da maida hankali, ya shigo yana taya tafiyar. Kamar direba ne, wanda ya daɗe a hanya yana tuƙi yana hira yana cin gyaɗa, amma mai koyo in ya iso cunkoson Kawo zai ce dan Allah kowa yayi shiru, ba don motar ta lalace ba, don duk hankalinsa yana kan sitiyari. Toh Baba in yana tafiya goshin nan yana bakin aiki, ka zo ka ɗora masa tambaya, aiki biyu wuri ɗaya, sai ƙwaƙwalwar ta zaɓi ta ajiye ɗaya.

Wannan ba hasashe bane, ana auna shi. Akwai wata na'ura da ake kira fNIRS, kamar hula take ko ɗamarar goshi, tana haska wani haske da ido baya gani ya ratsa fata da ƙashi, daga yadda hasken ya dawo a gane yawan jini mai ɗauke da oksijin a wurin, kuma mutum yana tafiyarsa ake aunawa. Abinda aka yi ta gani shine tsofaffi oksijin ɗin bayan goshinsu yafi tashi a lokacin tafiya akan na matasa, in aka ƙara musu wani aiki kamar lissafi da baya baya ko lissafo kalmomi sai ya ƙara tashi. Wato oksijin ba guduwa yake daga kan ba, kiran sa ake yi yana zuwa. Sai dai a lura, tashin nan ba wai alamar ƙarfi bace, alama ce ta cewa ƙwaƙwalwar tana wahala akan abinda a da take yi a sauƙaƙe, kuma akwai iyaka, in aikin yafi ƙarfin abinda zata iya ko jijiyoyin sun yi tauri basa buɗewa da wuri, sai tafiyar ta rage sauri ko ta tsaya. Hawan jini da ciwon suga da sigari sune manyan masu taurara jijiyoyin nan. A wasu binciken da aka sa tsofaffi atisaye na makonni an ga goshin ya rage wahala akan tafiya iri ɗaya.

Ita kanta alamar da ka gani an santa. A 1997 wasu masu bincike a ƙasar Suwidin suka wallafa a mujallar Lancet cewa tsofaffin da suke tsayawa in an musu magana suna tafiya sun fi faɗuwa a watanni 6 da suka biyo baya. Shiyasa nake so ka ɗauke ta da muhimmanci, ba don Baba ya kusa rasa hankali ba, a'a, don faɗuwa ce abin gudu, karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu bane. A duba masa ido, a duba ji, a duba ko tafin ƙafarsa yana dindiris, likita ya masa ɗan gwajin tunani da mantuwa. Ko da yake wani dattijon tsayawar tasa ta ɗabi'a ce, baya son amsa magana yana baiwa mutum ƙeya, kai ka fi ni sanin ko da can haka yake. Tunda kace kwanan nan ne ya fara, a duba.

Abin yatsa da ya nuna 97, madalla, huhu yana loda iska cikin jini yadda ya kamata. Iyakar abinda ya faɗa kenan. Baya faɗin ko jinin ya isa yawa, mai ƙarancin jini ma zai iya nuna 97, kuma baya faɗin nawa ne ya kai ƙwaƙwalwa a lokacin da Baba ya miƙe tsaye. Kar ku dogara dashi akan maganar jiri, kuma kar wani ya sa ku sayen tukunyar oksijin.

Jirin asuba abu na farko da nake zargi shine faɗuwar bugun jini lokacin miƙewa. Mutum ya kwana a kwance, ya tashi zumbur don kar ya rasa jam'i, jini ya gangara ƙafafu da ciki, a matashi nan take jijiyoyi zasu tsuke zuciya ta ƙara bugu, a tsoho abin yana ɗan jinkiri, a wannan ƴan sakan ɗin ne ƙwaƙwalwa ke samun ƙarancin jini da gaske, ido yayi duhu, kai yayi fayau. Maganin hawan jini yana ƙara shi, musamman mai sa fitsari, haka wasu magungunan da ake ba maza tsofaffi don matsalar fitsari, haka rashin shan ruwa, kuma dattawanmu da yawa suna rage ruwa da gangan da yamma don gudun tashin dare. In kuna da na'urar awon jini a gida ku gwada, ya kwanta minti 5 a auna, ya miƙe a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3, kana riƙe dashi. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, shine. Ku rubuta a takarda ku kai wa likitansa tare da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na kemis. Dan Allah kar ku tsayar masa da maganin hawan jini da kanku, likita ne zai rage ko ya canza lokacin sha. A masa gwajin yawan jini da na suga, a ɗauki awon bugun zuciya. In kuma jirin irin wanda ɗaki ke juyawa ne in ya juya kai a kan gado, wannan yafi kama da na cikin kunne, kuma muna da cibiyar kula da kunne ta ƙasa a nan Kaduna.

Kafin nan, in ya farka ya zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu, ya motsa ƙafafu yana ɗaga dunduniya yana saukewa, ya sha ruwa kofi ɗaya, sannan ya miƙe yana dafe da wani abu. A sallah ma tashi daga sujada ya bi a hankali.

Yayarka na fahimce ta, tsoro ne da ƙauna. Amma wallahi abin yana damuna yadda muke yi wa iyayenmu, da an ga rauni kaɗan sai a ce Baba zauna ka huta, a kawo masa ruwan alwala har gabansa, masallacin da yake nan kusa da gida a ɗauke shi a mota, bayan wata uku kuma a ce ai tsufa ne ya kwantar dashi. Tsokar tsoho saurin zubewa take in ba'a aiki da ita, kuma tsokar sha-raɓa ita ke matso jini daga ƙafa ya koma zuciya, in ta yi laushi jirin miƙewar ƙaruwa zai yi. Ga kaɗaici, ka raba shi da sahun masallaci da majalisar abokansa ka raba shi da abinda ke motsa masa ƙwaƙwalwa. A Amurka an yi wani bincike da aka wallafa a 2011, tsofaffi 120 aka raba gida biyu, rabi suna tafiya minti 40 sau uku a sati har shekara guda, rabi suna miƙe-miƙen jiki kawai. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, wani sashe mai riƙe tunawa da ake kira hifokamfas ya ƙaru da kusan kashi 2 a masu tafiyar, na ɗaya rukunin kuwa raguwa yayi kamar yadda yake yi da shekaru. Tafiya ce fa kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 tace wanda ya kai 65 ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na daidaito aƙalla kwana uku. In masallacin Baba tafiyar minti 5 ce, zuwa da dawowa sau biyar minti 50 kenan a rana, ya riga ya fi matasa da yawa. Matsakaici kuma shine jiki ya ɗumama, numfashi ya ɗan ƙaru, amma zai iya magana ba tare da yankewa ba. Abinda ya rage masa shine tsoka da daidaito, kuma basa buƙatar zuwa Murtala Square ko wani kayan aiki, kujera mai ƙarfi a jingina da bango ya zauna ya tashi sau 8 ko 10, ya dafa bango ya ɗaga dunduniya, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana riƙe da taga. In ya saba, a tsakar gida inda ƙasa take a shafe sai ka riƙa tafiya a gefensa kana sa shi ya lissafo sunayen jikoki ko garuruwan da ke hanyar Kaduna zuwa Kano, wannan shine koyar da ƙwaƙwalwa haɗa aiki biyu. Amma a titi, wajen tsallaka kwata ko inda keke da babura ke kutsowa, ka bar zancen sai kun wuce, in ya tsaya kuma kar ka ja shi.

Silifas ɗin roba da ya sha ruwan alwala a canza masa da takalmi mai riƙe dunduniya, rigar kar ta riƙa jan ƙasa, asuba da isha a riƙe tocila kuma wani ya raka shi har a gano kan jirin. Zafin Maris da Afrilu doguwar tafiya ta koma safe ko bayan la'asar, da hunturu in ƙura ta yi yawa ya sa takunkumi, in azumi ya zo a tattauna da likita akan lokutan maganin tun kafin a fara.

Akwai inda ba'a jiran sati. In bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya daina gani, ko da na minti biyu ne ya warware, ko ya sume, ko ƙirji ya riƙe shi yana tafiya, kar a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a sa shi a mota zuwa babban asibiti irin Barau Dikko, kuma a riƙe lokacin da abin ya fara don shine farkon abinda likita zai tambaya.